Kafin ka raɗa wa naman gwarin suna, gane tururuwar tukuna

Da an ga matacciyar tururuwa ta dantse bayan ganye, wani siririn tsiro ya fito ta ƙeyarta, sai a ce Ophiocordyceps unilateralis ne, wato naman gwarin da ke kama tururuwa ya kashe ta. Galibi ba shi ba ne, ɗan'uwansa ne.

Sunan ya sha sauyi. A 1865 'yan'uwan nan Tulasne na Faransa suka kira shi Torrubia unilateralis, daga baya aka mayar da shi cikin Cordyceps. A 2007 binciken ƙwayoyin gado ya raba wannan babban gida, aka tabbatar da shi cikin Ophiocordyceps. Sai a 2011 Evans, Elliot da Hughes suka duba tururuwa huɗu a jihar Minas Gerais ta Barazil, suka tarar kowace da nata jinsin naman gwarin daban. Shi ya sa sababbin sunayen ke ɗauke da sunan tururuwar: camponoti-rufipedis na Camponotus rufipes ne, camponoti-balzani na Camponotus balzani.

Dangin unilateralis sun fi kama tururuwan Camponotus da Polyrhachis. Wurin cizo ma shaida ne. A dajin Tailan, Camponotus leonardi na cizon jijiyar ganye ta ƙasa, kimanin santimita 25 daga ƙasa, inda laima ta kai kashi 94 zuwa 95 cikin ɗari, kuma yawanci da tsakar rana. A Amurka kuwa, jinsin naman gwarin mai suna kimflemingiae na sa Camponotus castaneus ta ciji reshe, don ganye na zuba da kaka.

In za ka ɗauki samfuri, yanko ganyen ko reshen gaba ɗaya, kada ka fizge tururuwar. Kan na iya tsinkewa, da shi kuma ake gane ta. Rubuta tsayin wurin da abin da ta ciza. Duba gefen tsiron: in babu ɗan kumburin da ke ɗauke da iri a ɓangare guda, bai nuna ba, ba za ka samu iri ba. In ya nuna, manna shi a murfin faranti, irin ya zubo kan agar (daskararren ruwan da ake noman naman gwari a kai), ka duba da madubin ƙara girma bayan kwana ɗaya zuwa uku. Tsawon irin da yadda yake tsira su ke raba jinsi, ba kamannin waje ba.

Abin da ya fi ɓata aiki shi ne wata farar fumfuna da ke hawa kan tsiron ta hana shi yin iri. Masu koyo kan ɗauka ita ce naman gwarin, su noma ta, sakamakon gwajin gado ya fito da sunan wata halitta daban.