Shirun da muke kira haƙuri

A ɗakin waɗanda suka yi haɗari, mara lafiyar da ya fi shan yabo shi ne wanda ba ya magana. Ba ya kiran nas da dare, ba ya ƙorafi, in an ce masa "ya jiki?" ya ce "Alhamdulillahi" ya juya fuska bango. Wurin miƙa aiki sai ka ji an ce, "Na gado shida ba shi da matsala, bawan Allah akwai haƙuri." Yanzu da nake ajiye wannan aiki, in aka ce in ware kuskure ɗaya da ya fi cutar da mutanen da muka kwantar, to wannan ne: mun ɗauki shiru a matsayin sauƙi.

Mai tawakkali na gaskiya yana cin abinci, yana tambayar yaushe za a cire ƙarfe, yana faɗa da ƙaninsa a kan cajar waya. Wanda ciwon damuwa ya kama kuwa, kular abincinsa za ka buɗe. Tuwon jiya yana nan, an ɗan gutsiri gefe. In ana wankin ciwo sai ya rufe ido da hular kansa don kada ya ga dungun ƙafarsa. Ƙarfe uku na dare idonsa biyu. Mai koyar da motsa jiki ya zo da sanduna, ya ce a bari sai gobe, kuma goben ba ta zuwa. In ya fara raba 'yan kayansa yana neman gafarar kowa ba tare da wani dalili ba, lokaci ya kusa ƙurewa.

Tambayar da muke gudu, wato ko yana tunanin kashe kansa, ita ce wadda ta fi amfani, kuma yin ta ba ya dasa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Da yake kowa ya san hukuncin kashe kai a addini, ba wanda zai amsa ta a gaban 'yan dubiya. A ja labule, a fitar da kowa, a zauna a kujera, kada a tsaya masa a ka. A fara daga nesa: "Malam, akwai lokacin da kake jin gara ma da ba ka tashi daga haɗarin nan ba?" In ya ce e, a matsa: ko ya taɓa tunanin yi wa kansa wani abu, da me, yaushe. In har yana da shiri, ba a barinsa shi kaɗai, a bincika ƙarƙashin matashi saboda masu tara ƙwayoyi, a gaya wa mai jinya a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera daga gida, a kira likitan ƙwaƙwalwa ranar. Duk wannan bai wuce minti goma ba.

Minti goman ne aka ce babu. Babban da ke jan zagayen safe yakan ce nan ƙashi ake gyarawa, sauran kuma a bar wa Allah da dangi. Hoto ya nuna ƙashi ya kama, a rubuta sallama. A takardar sallamar akwai layin magani, akwai ranar dawowa, babu layi ɗaya na barci ko na tsoro. An ce ba aikinmu ba ne, kuma har na bar wurin ban ga inda aka rubuta aikin wane ne ba.

Razana da mugun mafarki da rashin barci a kwanakin farko ba cuta ba ce, mafi yawan mutane abin yana lafa musu cikin 'yan makonni. Abin da ake lura da shi shi ne cikar wata ɗaya. In an wuce wata haɗarin yana dawo masa kamar yanzu yake faruwa, yana guje wa duk abin da ke tuna masa, ƙarar birki tana sa shi zabura, ya daina jin daɗin komai, to sai an tura shi wurin masana. Kafin nan abubuwa biyu muke ɓatawa. Na farko diazepam, maganin kwantar da hankali da sa barci, da ake ba kowa don ɗaki ya yi tsit. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba wanda ke cikin firgicin haɗari irin wannan magani a watan farko. Na biyu tilasta ba da labari. Ba ma sai mu ba, 'yan dubiya sun isa: mutum ashirin a yini, kowa da "wai yaya abin ya faru?" Mara lafiya ya sake hawa titin Zariya sau ashirin yana kwance. A naɗa mutum ɗaya cikin dangi ya riƙa amsawa a waje, masu shiga su tsaya a kan sannu da addu'a.

Wanda za a yanke wa ƙafa ko hannu, a gaya masa tun kafin tiyata cewa zai riƙa jin gaɓar tana nan, tana ƙaiƙayi ko zafi. Haka yake faruwa ga mafi yawansu, kuma daga jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne. In ba a faɗa ba, zai ɓoye don kada a ce ya taɓu, ko gida su ce iska ce. Madubi yana taimaka wa wasu: a tsayar da shi tsakanin ƙafafu, ya kalli hoton mai lafiyar yana motsa ta, kamar minti goma sha biyar kullum. Tramadol kuma a rubuta ranar daina shi tun ranar farawa, don mun sha sallamar mutum da ƙashi lafiyayye da sabon ciwo a aljihu. Ga wanda ya bugu a ka ma yana iya jawo farfaɗiya.

Masu bugun kai iyalinsu ne ke shan wuya. Mutumin da aka sani da sanyin hali ya koma masifa da mantuwa da rashin kunya, sai a ce sammu ne, ko a ɗora wa matarsa. A zaunar da uwa da mata tare, a yi bayani sau ɗaya a gabansu duka.

Uban da ya kai yaro wurin mai ɗori har hannu ya ruɓe, ba ya bukatar faɗanmu, ya riga ya yi wa kansa wanda ya fi namu. Tsohuwar da ke kwana a tabarma a baranda mako huɗu ita ma a tambaye ta barcinta, a sa dangi su yi karɓa-karɓa.

Yadda ake furta maganar tura mutum wurin likitan ƙwaƙwalwa ma yana da tasiri. Ka ce wa Bakano "Dawanau", inda asibitin masu taɓin hankali yake, ya gama jin cewa ka kira ɗansa mahaukaci, kuma ba za ka sake ganinsa ba. Ce masa akwai likitan da ke duba barci da firgici, akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano, ka rubuta takarda, ka haɗa ranar da wani zuwan da dole zai yi, kamar awon ƙafar roba a asibitin ƙashi na Dala, don kuɗin mota ɗaya ya ɗauke duka. In an fara maganin damuwa, a faɗa masa sai ya yi makonni kafin ya ji bambanci, in ba haka ba kwana biyar zai jefar.

Komawa titi kuma mataki-mataki ne. Yau ya zauna ƙofar gida yana kallon motoci har bugun zuciyarsa ya sauka da kansa. Bayan kwanaki ya zauna cikin Adaidaita Sahu a tsaye, injin a kashe. Sannan tafiyar layi ɗaya da wanda ya yarda da shi, sannan mahaɗar da abin ya faru, da hantsi, lokacin da babu cunkoso. In ya gudu tun tsoron yana sama, tsoron ƙaruwa zai yi, don haka a koma matakin baya a maimaita shi kwana uku ko huɗu kafin a sake gwadawa.