Tausayin da ke hana mutum ƙarin girma

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine yadda keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Mu dai ofishinmu bene ne, ɗakin taro yana can sama, lifta kuwa tun kafin a ɗauke ni aiki ta mutu.

Sai dai a zaman da na yi a aikin gwamnati, na lura matakala ba ita ce ta fi cutar da irin waɗannan abokan aiki ba. Tausayi ne.

Akwai wani da aka turo sashenmu, shan inna ta taɓa shi tun yana yaro, a keke yake yawo. Kowa na girmama shi. An ba shi tebur a ƙasa kusa da ƙofa, masinja na kai masa ruwa. Amma fayil ba ya zuwa teburinsa. In za a raba aiki sai mai gida ya ce, "A bar Malam ya huta, kada a wahalar da shi." In kwas ya fito a Kaduna ko Abuja, sai a ce tafiyar za ta yi masa nauyi, a tura wani, alawus ɗin ma ya bi wancan. Ba wanda ya yi haka da mugun nufi.

To amma duk wanda ya san aikin gwamnati ya san inda wannan hanya take kaiwa. Ƙarshen shekara za a cike takardar auna ƙwazo, me za a rubuta wa wanda ba a ba shi komai ba? Lokacin jarrabawar ƙarin girma ya zo, sa'o'insa sun goge da aiki, shi kuwa yana nan yadda ya zo. Gaba kuma ga fansho: tunda kuɗin da ake tara wa fansho, kashi 8 cikin 100 na ma'aikaci da kashi 10 na gwamnati, daga albashi ake lissafa su, wanda ya daskare a mataki ɗaya zai ɗanɗana kuɗarsa har bayan ritaya.

Shi da kansa ya warware lamarin. Ya aika wa darakta cewa yana son ganinsa, dole darakta ya sauko. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙafa ce ba ni da ita, kaina lafiya lau. A ba ni aiki, in na kasa a tuhume ni kamar kowa." Daga nan aka dawo da taron mako ƙasa. Ko sisi ba a kashe ba, kujeru kawai aka sauko da su.

Irin wannan tausayin nake gani ana yi wa matan da suka dawo daga hutun haihuwa. A ce mai jego ce, a ɗauke mata aiki mai muhimmanci ba tare da an tambaye ta ba, yaro ya shiga makaranta ita ba a mayar mata da aikin ba. Yanzu da ni ke raba fayil, mutum nake tambaya me zai iya ɗauka, shi ya faɗa da bakinsa.

Banɗaki ne har yau ya gagare mu. Ƙofar ba ta cin keke, kuma faɗaɗa ta sai da kuɗi a kasafi. Bana ma mun sake rubutawa.