Ƙwan kifi da guzurin uwa

Kifin zebra, ɗan mitsitsin nan mai zane irin na jakin dawa, da an kunna fitila da safe yake fara zuba ƙwai. Don haka nakan riga kowa isa ɗakin bincike. Aikin da malamata ta ba ni a shekarar farko ta digirina na biyu shi ne in gani da idona lokacin da ƙwayoyin gadon ɗan tayi ke farkawa.

A sa'o'in farko ɗan tayin kusan ba ya taɓa DNA ɗinsa, wato kundin da ke ɗauke da ƙwayoyin gadon. Guzurin da uwa ta zuba masa cikin ƙwai yake ci, wato RNA (kwafin saƙon da ke cikin DNA) da furotin. Da shi yake ta rabuwa, biyu, huɗu, takwas, kusan duk minti 15. Sai wajen rabuwa ta 10, sa'a uku da haɗuwar ƙwai da maniyyi, tantanin halitta sun kai kimanin 1,000, sannan ƙwayoyin gadonsa ke kama aiki gadan-gadan. Ɓera tun yana tantani 2 yake farawa, mutum kuwa tsakanin 4 da 8.

Da allurar gilashi wadda ba ta kai kaurin gashi ba nake tsira wa ƙwan alpha-amanitin, dafin wani naman kaza da ke hana karanta DNA. Abin mamaki, ƙwan ya ci gaba da rabuwa kamar ba a yi masa komai ba. Sai da guzuri ya daina isa tantanin suka tsaya cak, dunƙule a kan gwaiduwa, alhali na ƙwan da ban taɓa ba suna sauka suna lulluɓe ta kamar ana jan hula a kai.

Makon farko dai kwaɓa na yi. Na bar farantin ƙwan a kan tebur, iyakwandishan na busa shi, maimakon akwatin ɗumi mai digiri 28.5 na Celsius. Da agogo ya cika sa'a uku na kwashe na auna ko ƙwayoyin gadon sun farka, ban samu komai ba, har na fara zargin sinadaran. Malama ta leƙa madubin ƙara girma ta ce, “Ƙirga tantanin.” Ko rabin dubu ba su kai ba, sanyi ya ja musu birki.

Daga ranar na daina bin agogo, siffar ɗan tayin nake dubawa. Na kuma koyi ware faranti guda da nake tsira wa ruwa mai jan launi zalla, domin a watan farko rawar hannuna ta kashe ƙwai fiye da dafin.