Kwana Uku a Fadamar Hadeja da Nguru

Shekaranjiya na dawo daga Nguru, kuma har yanzu ƙanshin bandar kifi bai bar jakata ba. Hanyar Kano zuwa Hadeja ba ta da wani labari. Tafiyar ta fara ne da sassafen da mai masaukina, wani dattijo masunci, ya saka ni a kwalekwalensa.

Na zaci zan ga ruwa shimfiɗe iyakar ganin ido, sai na tarar da kachala, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, ta toshe magudanan ruwa, har sai da muka riƙa kutsawa ta wata 'yar siririyar hanya da aka sare da adda. Na ce, "Baba, yaushe wannan ciyawa ta cinye muku ruwa haka?" Ya ce a ƙuruciyarsa ruwa kan zo da ƙarfi da damina, ya janye da rani ƙasa ta bushe, amma tun da aka datse kogi a sama, sai ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, wanda shi ne abin da kachala take so. A cikinta tsuntsayen jan-baki ke kwana, gari na wayewa su afka wa shinkafa. Da ya ce an datse kogi, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 yake nufi, kuma kunya ta kama ni, domin ni mutumin Kura ne, da ruwan Tiga muke noman tumatir da shinkafar da muke alfahari da su.

Sai dai su ma mutanen fadamar ba su bar ta ta huta ba. Na ga samari suna jan taru mai ƙananan idanu, suna kwaso 'ya'yan karfasa da ba su kai yatsa ba. Masu banda kuwa itace suke ci ba dare ba rana, manoma sun nome burtali har bakin ruwa, shi ya sa Bafulatanin da muka gamu da shi yake ta kewaye da shanunsa yana neman mashaya.

Baba ya ciyar da ni tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, da na miƙa masa kuɗi ya ɓata rai ya ce baƙo ba ya biyan ruwan da ya sha. A kasuwa na sayi kwalin banda kusan rabin kuɗin Kano, amma wani mai yankan rasit ya tare ni da tsawa kamar na sato, ko amsa sallamata bai yi ba.

Rana ta ƙarshe na leƙa Dagona, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai lokacin hunturu. Na sayi tabarmar kaba biyu da kanwa, na kamo hanyar gida.