Neman Taliyar Italiyawa a New York, daga Titin Mulberry zuwa Arthur Avenue

Tun ina yaro a Kano nake jin ana cewa kalmar taliya daga sunan ƙasar Italiya ta samo asali. Saboda haka da aiki ya kai ni Washington na wata 2, kuma na samu hutun ƙarshen mako ba tare da wani uzuri ba, sai na ƙudura zuwa New York domin in ci taliya a hannun masu ita. Na shiga jirgin ƙasa da yammacin Juma'a, bayan kimanin sa'a 3 da rabi na sauka a tashar Penn, inda kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya haura shekara 20 yana tuƙin tasi a birnin, yake jirana. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, duk abincin duniya ka rasa abin da za ka yi wa tattaki sai taliya? To, ina za mu fara?" Na ce masa unguwar Little Italy, domin ita na gani a intanet. Bai musa mini ba, ya dai kaɗa kai ya tayar da mota.

Italiyawa fiye da miliyan 4 ne suka shigo Amurka tsakanin 1880 da farkon shekarun 1920, akasarinsu talakawan kudancin ƙasar daga yankin Naples da tsibirin Sisili, kuma wannan unguwa ta Manhattan tana cikin wuraren da suka fara yada zango. Amma jikokinsu sun daɗe da tashi, unguwar 'yan Sin ta kewaye wurin, abin da ya saura bai wuce ɗan tsakin titin Mulberry ba, inda kowane gidan abinci ya ajiye mutum a ƙofa yana kiran masu wucewa kamar kamashon tashar mota. Muka shiga ɗaya daga ciki, na nuna hoton taliya da dunƙulen nama a takardar abinci. Har mai kawo abincin ya juya, Kawu ya kira shi ya tambaye shi naman mene ne a cikin dunƙulen. Ya ce na sa ne da na maraƙi da na alade aka niƙa tare. Na ce to a ba ni taliyar da miyar tumatir kawai, sai ya ce ai a cikin wannan miyar ake dafa dunƙulen tun safe. A ƙarshe taliya da man zaitun da tafarnuwa na ci, ta dahu har ta yi laɓo-laɓo, aka kuma ɗora mana harajin kusan kashi 9 cikin 100, ga tukuicin kashi 20 wanda a can ya zama kamar wajibi. Muna fita Kawu ya ce, "Yau ka ci ta 'yan yawon buɗe ido, gobe in Allah ya kai mu za ka ci ta 'yan gari."

Da safiyar Asabar muka nufi Arthur Avenue a unguwar Belmont da ke Bronx, kusa da jami'ar Fordham, kuma ba ta da nisa da gidan Kawu. Ya ce mu yi sammako domin shaguna da dama ba sa buɗewa ranar Lahadi, Asabar ce ranar cefane. Tun daga bakin titin na lura ba wanda ya kira mu. Tsofaffin mata ne ke jan kekunan cefane, masu kifi sun baje kayansu a kan ƙanƙara a gefen hanya, ƙamshin burodi yana fitowa daga gidan burodin Madonia da ke wurin tun 1918. Muka ratsa rufaffiyar kasuwar da magajin gari Fiorello La Guardia ya buɗe a 1940 domin ya kwashe masu tura baro daga kan titi, inda har yanzu akwai masu naɗa sigari da hannu kusa da ƙofa. A kantin Teitel Brothers, wanda Yahudawa 'yan Ostiriya suka kafa a 1915 suna sayar wa Italiyawa man zaitun da cuku, Kawu ya nuna mini tauraruwar Dauda, alamar Yahudawa, da aka shimfiɗa da ƙananan tayil a bakin ƙofa. Akwai kuma wani shago da tsiren alade busasshe ya rufe rufinsa gaba ɗaya kamar jemagu a kan bishiya. Wannan daga waje na leƙa na wuce.

Inda na fi daɗewa shi ne shagon Borgatti a kan titi na 187, wanda ke murza taliya tun 1935. Wata mata ta miƙo mini wani kwali da aka jera samfurin faɗin taliya a kai, daga siririya kamar zare har zuwa mai faɗin yatsa, ta ce in zaɓa. Da na nuna, sai aka ɗauko faifan ƙullun da aka kwaɓa da ƙwai, aka zura shi a wata tsohuwar na'ura, taliya ta zubo ta ɗaya gefen, aka barbaɗa mata gari domin kada ta manne, aka naɗe a takarda. Na tsaya ina kallo har na manta akwai mutane a bayana, domin abin da na gani bai bambanta da injin taliya 'yar murji da mahaifiyata take ɗaurewa a bakin benci ba, mu yara muna rububin juya hannun, ana shanya taliyar a kan igiya a tsakar gida. Na sayi laba 2, wato ƙasa da kilo 1 kaɗan.

Da azahar muka shiga wani ƙaramin gidan abinci mai teburan da ke manne da juna. A nan tambayar naman alade da Kawu ya yi jiya ta zama abu mai sauƙi, domin mai kawo abincin ɗan Albaniya ne, kamar da yawa daga cikin ma'aikatan unguwar a yanzu, kuma ina fara magana ya gane inda na dosa. Shi ya karanta mini abin da zan kauce wa: taliyar carbonara da ta amatriciana da naman kumatun alade ake yin su, kazar Marsala da giya ake dafa ta, akwai burodin da ake kwaɓawa da kitsen alade, har ma ɓawon cannoli, wani kayan zaƙi na Sisili, a al'ada da kitsen da giya ake kwaɓa shi, sai an tambaya. Ya kawo mana cukun mozzarella da aka yi a safiyar, fari fat, mai laushi da ɗumi, yana tsatsar madara idan an yanka, da yankan tumatir da ganye mai ƙamshin ɗoɗɗoya. Sannan aka kawo baƙin yalo da aka yanka fale-fale aka soya aka gasa da miyar tumatir, sai taliya da jatan lande. Miyar ba ta da maggi ko attaruhu, tumatir ne da tafarnuwa da man zaitun da gishiri, kuma da farko harshena ya ce salam take. Sai a cokali na uku ko na huɗu na fara jin zaƙin tumatirin kansa, abin da mu a gida muke binnewa a ƙarƙashin kayan ƙamshi. Taliyar kuwa an sauke ta tana da ɗan ƙarfi a haƙori, wanda a Kano za a ce ba ta nuna ba, amma a ganina su ne da gaskiya, domin ta fi riƙe miya kuma ba ta cushe ciki.

Da dare Kawu ya ce sai na ci abincin 'yan tasi. Ya kai ni mahaɗar titi na 53 da Sixth Avenue, wurin keken abincin The Halal Guys, wanda wasu Misirawa suka fara a 1990, suka kuma yi suna saboda direbobi Musulmi da ke neman halal cikin dare. Shinkafa ce ruwan ɗorawa da yankakken naman kaza da farar miya. Kawu ya gargaɗe ni game da jan yajinsu, na ce masa Bakano ba ya tsoron yaji, na zuba da yawa, na ƙare ina share hawaye a bakin titi yana mini dariya.

Ranar Lahadi da safe na ci bagel, wani zagayayyen burodi mai huda a tsakiya da Yahudawan Poland suka kawo, wanda ake tafasawa kafin a gasa, da kyafaffen kifi a ciki. Muka kuma bi ta titi na 116 a Harlem, inda 'yan Senegal suka yi kaka-gida, amma ban ci komai a can ba domin matar Kawu ta ce kada in kuskura in dawo da ciki cike. Mun tarar ta dafa taliyar Borgatti, wadda minti 3 kacal ta ɗauka a wuta, ta soya manja da albasa, ta ajiye yajin ƙuli da aka aiko mata daga gida a gefe. Kawu ya kai loma biyu, ya dube ta ya ce wannan ai 'yar murji ce sak, sai dai ƙwai ya yi mata yawa. Ragowar laba ɗayar ta ƙi ba ni, ta ce ta yara ce, ta zuba mini dafaffiyar a roba na tafi da ita tashar Penn domin jirgin ƙarfe 5.