Godiya bayan Inna ta koma ɗakinta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Alhamdu lillahi, daren jiya Inna ta kwana a ɗakinta, a kan gadonta, bayan wata biyar da muka yi muna zaune a ajin makarantar Islamiyya ta bayan masallaci. Ni dai ban runtsa ba, domin tun daga waccan Talatar ta watan Yuni da ambaliya ta rushe mana gida, kunnena ya saba da sauraron babbar kwatar da ke bayan gidanmu, ko hadari bai haɗu ba sai in farka in kasa kunne. Jikina ya gaji matuƙar gajiya, amma na ga bai kamata rana ta sake faɗuwa ba tare da na miƙa godiyata da ta iyalina ga mutanen unguwanninmu na Nima da Maamobi a nan Akra, babban birnin Ghana, da duk wanda ya bi mu da addu'a daga nesa ba.

Kun ga hotunan bangon da ya faɗi, kun kuma bi duk abin da ya biyo baya, saboda haka ba zan maimaita ba. Abu ɗaya ne ban taɓa faɗa ba sai yau.

Lokacin da ruwan ya karya ƙofar baya wuta ta riga ta ɗauke, na fitar da yara na ɗora su a kan rufin shagon maƙwabci, na dawo domin Inna, wadda kun san shekara uku ke nan ba ta taka ƙasa. Na isa bakin ɗakinta ruwa ya kai mini ƙirji, gwiwata kuma ta ƙi. Na tsaya riƙe da ƙyauren ina jin muryarta a cikin duhu tana maimaita kalmar shahada a hankali, ba ta kiran sunan kowa, kamar wadda ta riga ta sallama. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne daren 3 ga Yunin 2015, da ruwa da wuta suka haɗu a gidan mai na Shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu, kuma ruwan da ya ratsa ta bayan gidajenmu yana cikin wanda ya gangara kogin Odaw a daren nan. Na ce a raina yau kuma namu ne. Sai na ji an dafa kafaɗata an ce, "Kawu, matsa mini." Asambuliman ɗinmu ne, wato wakilinmu a majalisar ƙaramar hukuma, da tocila a baki, babu takalmi a ƙafarsa. Ya shiga ya durƙusa a cikin ruwan har ya kai masa haɓa, ya goya Inna, ya ce in ɗaure ta a bayansa da zanenta kamar yadda ake goya jariri. Hannuna yana rawa na kasa ƙulla zanen, shi ya kama bakin ya ƙulla da kansa. Muna fita lungu tana ce masa, "Ɗan nan, ajiye ni, ni na ci zamanina, je ka ga yara." Shi kuma yana cewa, "Inna, riƙe wuyana dai, yara suna sama." Da muka isa tudu ya sauke ta a barandar masallaci, sai na ga jini yana bin ƙafarsa, ashe kwalba ta yanke shi tun a ƙofar gida bai ce komai ba. Daga baya na ji cewa gidansa ma ruwa ya shiga a daren, matarsa ce ta kwashe abin da ya kwasu ita kaɗai.

Honarabul, ka roƙe ni kada in rubuta wannan, kuma na san tarbiyyar da aka yi mana ita ce hannun dama ya bayar hagu bai sani ba. Ka yi haƙuri, na kasa riƙe shi. Allah Ya goya ka ranar da babu mai goyon wani, Ya raya maka zuriya, Ya sa ƙafar nan da ta zubar da jini saboda tsohuwar da ba ta haife ka ba ta tsallake siraɗi kamar walƙiya.

'Yan'uwa na Kano da Zariya da suka yi ta tambayata a waya ko wannan bawan Allah kamar ɗan majalisar jiha yake, amsar ita ce a'a. Ku kuna da jihohi 36, kowace da majalisar dokokinta, mu kuwa yankuna 16 gare mu kuma babu wanda yake da majalisar yin doka. Daga majalisar dokoki ta ƙasa sai majalisar ƙaramar hukuma, inda asambuliman yake wakiltar 'yan lunguna kaɗan, ba a ƙarƙashin tutar wata jam'iyya ba, abin da yake samu kuma alawus ne wanda ba zai riƙe gida ba. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ɗora masa ya zauna da mutanensa kafin zaman majalisa ya ji ta bakinsu, ya kuma dawo ya gaya musu abin da aka yanke. Na girma a unguwar nan, gashina ya yi fari a cikinta, amma sai a wannan damina na ga an bi wannan ƙa'ida yadda take a rubuce.

Goyon dare ɗaya ne, abin da ya fi shi wuya shi ne watannin da suka biyo baya. Sau shida ya tara mu a kan tabarma bayan sallar isha'i, da littafi a cinyarsa, yana rubuta sunan kowane gida da abin da ya rasa, har da 'yan haya da kayayo, wato mata 'yan dako da ke kwana a zaure, waɗanda galibi ba a ƙirga su. Bai taɓa yi mana alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. Ya ce mana babban aikin magudanar Nima da na Odaw yana ƙarƙashin shirin GARID na kare Akra daga ambaliya, wanda Bankin Duniya ya ba wa dala miliyan 200 a 2019, kuma wannan ya fi ƙarfin asambuliman. Abin da zai iya shi ne ya ɗauki kokenmu ya kai kwamitin ayyuka, daga can zuwa kwamitin zartarwa, sannan babban zama, domin a samo kuɗin yashe ɓangarenmu da gina katangar kariya daga kason da ƙaramar hukuma take samu a asusun nan da tsarin mulkin 1992 ya ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. An ɗage maganar sau biyu, takardarmu ta kwana a wani teburi har mako bakwai, kuma kowane karo yakan dawo ya tsaya a gabanmu ya faɗa mana da bakinsa, ya haɗiye maganganun da masu ɓacin rai suka yaɓa masa. Ya kuma gaya mana tamu gaskiyar, cewa robar fiya wata da sharar da muke jira hadari ya haɗu mu zuba a kwata su ne rabin abin da ya cinye mu. Maganar ta yi ɗaci, amma daga ita aka samu yarjejeniyar da kowane gida yake biyan mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku da ke kwashe shara, yanzu. Ina gode wa ɗan majalisar dokoki na mazaɓarmu, wanda yake zama a majalisar ƙaramar hukuma ko da yake ba shi da ƙuri'a a cikinta, domin ranar babban zama ya zo ya sa baki, ya kuma ƙara siminti.

Hajiya mai koko ta bakin gada, ke ma kin ce in yi shiru. Wata biyar cur kullum da asuba kofin Inna yana zuwa da ƙosai a kai, ba ki taɓa karɓar ko sidi ɗaya ba, ranar da na matsa kika ce in na sake za ki daina gaishe ni. Malam mai makaranta ya mayar da ɗalibansa baranda suna karatu a rana saboda mu samu inda za mu sa haƙarƙari. Limaminmu da mai unguwa, jami'an NADMO, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, da suka kawo katifu da gidan sauro, ma'aikatan jinya na Babban Asibitin Maamobi da suka kula da Inna da ta kamu da ciwon ƙirji, maƙwabcinmu Kirista da ya buɗe mana rufin shagonsa ya kuma ajiye mana keken ɗinkin uwargida, da samarin bes, wato dandalin hirar lungu, da suka yi Lahadi huɗu suna dakon yashi da bulo ba tare da ladan ko kwabo ba, Allah Ya saka muku da mafificin alheri. Ya Allah, Ka buɗa musu ƙofofin arziki ta inda ba su zata ba, Ka suturta su duniya da lahira, Ka jiƙan iyayensu, Ka shiryi 'ya'yansu, Ka tsare gidajensu daga ruwa da wuta da kunyar neman abin rufin asiri. Wanda ya aiko da kuɗi ta waya ya ɓoye sunansa, Allah Ya san shi, Ya ninka masa.

Dangi kuwa, waɗanda suka zo mun gani, mun gode. Akwai waɗanda Inna ta yi ta tambaya duk lokacin da ta ji sallama a ƙofar aji, ina ce mata hanya ce ba kyau, har ta daina tambaya. Daga Kumasi zuwa Akra tafiyar yini ɗaya ba ta cika ba, kuma gidan da ya rushe ɗin nan shi ne wanda kowa yake sauka in biki ya tashi. Ban riƙe kowa ba, Allah Ya haɗa kanmu.

In Allah Ya kai mu Juma'a, bayan la'asar za a yi saukar Alƙur'ani da sadaka a ƙofar gida, kowa da kowa muna gayyata. Honarabul, Inna ta ce in gaya maka ta sa an wanke zanen nan an ninke, ta ce naka ne, kuma da hannunta take so ta ba ka.

Wassalamu alaikum.