Zuwa ga ƙannena na Damagaram masu tambayar hanyar shiga tseren mota

Assalamu alaikum. Ina gaida iyaye da malamai, da mutanen Birni da Zango da Sabon Gari baki ɗaya. Ku yi mini afuwa gaisuwar ta tsaya nan, maganar da ke tafe da ni tana da tsawo.

Tun da aka ji ina aikin kanikanci a wata ƙaramar ƙungiyar tseren mota kusa da Le Mans a Faransa, saƙon murya bai yanke mini ba a WhatsApp. Tambayar guda ce: "Yaya, ta ina ake shiga?" Wasu har bidiyo suke turowa, ga su suna wulwula mota a rakiyar amarya, ƙura ta turnuƙe, yara na gudu gefe. Na ga gara in amsa wa kowa a wuri ɗaya. Zan taɓo takardu, da tuƙin kansa, da kuɗi, da ƙofofin shiga.

Takardu su ne abin da ya fi cin raina, kuma su ne ba wanda ke tambaya a kansu. Lasisin tuƙin da ke aljihunka ba ya shigar da kai filin tsere. Akwai lasisin gasa daban, wanda hukumar wasan mota ta ƙasa ke bayarwa, a nan sunanta FFSA, ita kuma tana ƙarƙashin FIA ta duniya. Kowace shekara sai an sabunta shi. Kafin a ba ka sai likita ya duba ka ya sa hannu, idan na ƙasa da ƙasa ne har da awon zuciya da na ido, a tabbatar kana bambance launuka, domin da tuta ake yi wa direba magana: rawaya haɗari a gaba, shuɗiya ba da hanya, ja a tsaya. Baƙo irina da ke son lasisin ƙasar da yake zaune sai ya nuna shaidar zama, sannan ya kawo yardar hukumar ƙasarsa ta asali. Yaro kuwa sai da sa hannun iyaye.

Ba mutum kaɗai ke da takarda ba, kayan jikinsa ma suna da ita. Hular kwano, rigar da wuta ba ta saurin ci, safar hannu, takalmi, abin tallafe wuya da ake kira HANS, kujera, bel ɗin ɗaure jiki, kowanne da tambarin FIA a liƙe ko a ɗinke. Bel shekara 5 yake yi, ko da bai taɓa ganin haɗari ba. Na ga an mayar da motarmu daga wurin bincike ana gobe gasa saboda wa'adin bel ya cika, alhali sabo fil yake a ido. Mun kwana muna buga waya neman wani. Raina ya ɓaci ƙwarai a daren, amma na sha ganin mota ta yi kaca-kaca direba ya fito da ƙafarsa, na kuma san abin da ke faruwa a hanyar Tanut ko ta Magarya idan taya ta fashe. Saboda haka mai wannan buri ya fara da abin da ke hannunsa: takardar haihuwa, fasfo da lasisi su zama suna ɗaya, rubutu ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Harafi guda ya bambanta, sai a maido maka da tulin takardunka ka sake daga farko.

To, tuƙin. Ƙannena, taka totur kowa ya iya. Abin da ke raba direbobi a nan birki ne da ido. Ana taka birki da ƙarfi mota tana miƙe, a riƙa sassauta shi yayin da ake karya sitiyari, a shiga kwana da haƙuri don a fito da gudu, ido kuma yana can inda za a je, ba kan hancin mota ba. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a ƙofar fada ya san ba a gane mahayi a sukuwa, sai wurin da ya ja linzami doki ya tsaya cak gaban Sarki. Bayan kowane zagaye ana zare bayanai daga na'urar da ke cikin mota a ɗora a kwamfuta, a jera layin direba da na abokinsa: nan ka taka birki da wuri, nan ka yi jinkirin komawa totur. A kan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ake zama ana muhawara. Direban da ba ya son a nuna masa kuskurensa ba ya daɗewa. Ga motsa jiki, musamman wuya, don kwana tana jan kai kamar za ta cire shi.

Sanyi ma yana cikin lissafi. A watan Janairu mukan fito gwaji gari bai waye ba, sifana tana manne wa yatsa, numfashi na hayaƙi. Taya mai sanyi ba ta kama kwalta, sai an zagaya an ɗumama ta, iskar cikinta kuma tana ƙaruwa da zafi, don haka ana awo kafin fita da bayan dawowa, a rubuta. Hunturun gida da ake hura wuta a fada ana shan shayi, wallahi ina kewarsa.

Hanyar da kuke gani a talabijin daga yarinta take farawa, da 'yar ƙaramar motar nan da ake kira kart. Lewis Hamilton yana ɗan shekara 8 ya fara, mahaifinsa na haɗa ayyuka don biyan kuɗi, ƙungiyar tsere ta McLaren ta ɗauke shi a 1998 yana da 13. Daga kart sai Formula 4 a shekara 15, sai Formula 3, sai Formula 2, kuma ba a shiga Formula 1 sai da maki 40 na babban lasisi. Kakar Formula 4 guda ta haura yuro dubu 100, wato sama da sefa miliyan 65. Ba na faɗa don in karya muku gwiwa ba, so nake ku daina kallon ƙofa ɗaya. Sébastien Loeb aikin lantarki yake yi kafin a gano shi a gasar zaɓen matasa ta rali, wato tseren da ake yi a kan hanyoyi da cikin daji, ya zo ya ci kambun duniya sau 9 a jere, daga 2004 zuwa 2012. Jann Mardenborough ta wasan kwamfuta ya fito a 2011, har ya yi tseren awa 24 na Le Mans.

Rali ya fi kusa da mu. Wanda ya ƙirƙiro ralin Paris-Dakar, Thierry Sabine, a hamadar Tenere ya ɓata a 1977, daga nan tunanin ya zo masa, gasar kuma ta sha ratsa Agadas kafin ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Har yanzu ana ralin Bandama a Kodebuwa, na Safari a Kenya ya koma cikin gasar duniya a 2021. Kowace mota a can tana buƙatar makanikai da mai karanta hanya. Yaron garejin da ya iya tayar da tsohuwar Hilux da aka fid da rai da ita, ya san rairayi, yana riƙe da abin da ake nema. Abin da yakan rasa shi ne tsari: auna ƙarfin ɗaurin kowane noti, mayar da kowace sifana mazauninta, rubuta duk abin da aka taɓa, da Faransanci ko Ingilishin da zai karanta littafin doka. Ni ta wannan ƙofar na shigo.

Masu ɗaukar nauyi ba sa ba da kuɗi don tausayi, sai sun ga sakamako a rubuce da kuma mutanen da za su ga sunansu. Wannan da batun zaman nan sai a wata wasiƙar.

Roƙona guda: ku bar gwada gudu a cikin gari da wurin biki. Mai kwamfuta ko wurin da ake buga wasan tsere, ya zaɓi fili ɗaya da mota ɗaya, ya yi zagaye 20 yana rubuta lokacin kowanne, ya turo mini. Ba mafi sauri zan duba ba, tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye zan duba, in faɗa masa inda zai gyara. A gaida mutanen gida.